Shekarar da Na Sayi Inji Mai Ƙarfi

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana. Ku 'ya'yana da jikokina, na ji yadda kuke ba da labarin shagon wasa idan an taru biki, kowa da irin juyin da yake yi masa. Wasu na cewa rowa ce ta sa na sayi ƙananan injuna. Wasu na cewa wani ɗan Maraɗi ne ya cuce ni a Dapaong. Duka biyun ƙarya ne. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, amma na yi kasuwa tun ban kai tsayin buhu ba. Ina faɗa ne Mariyama tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara min magana.

Ubanku ya rasu a hawan Aledjo, birkin kamiyo, babbar motar kaya, ya tsinke da shi. Na yi takaba, na fita, na ci gaba da fataucin wake da masara da albasa tsakanin Dapaong da Sokodé. Da wannan na ciyar da ku. Razak shi ne ƙaraminku a cikin maza. Ya gama karatu, aiki bai samu ba. Ya ɗan ja babur na haya, mai babur ya karɓe abinsa. Daga nan ya fara zama da wani abokinsa Isifu, sai na riƙa jin sunan Agadez a bakinsu, da abin da ke bayan Agadez. Wata rana na ga sabuwar jakar baya a ƙarƙashin gadonsa. Na bar ta a inda take. Amma na gaya wa kaina cewa hanya ta ɗauki uban, ba zan ba ta ɗan ba.

Na lura da abu guda. Razak ba ya iya zama wuri ɗaya ko don cin abinci, amma akwai wani shago a unguwar Kpangalam, nan Sokodé, da yake shiga ya wuni. Na yafa mayafi na je in ga me ake rabawa a can. Ɗaki ne cike da samari, ga babbar tele, ana ƙwallo. Ciyawa kore shar, zufa na zuba a fuskar ɗan wasa, mutane dubbai suna ihu. Na tsaya a bayan Razak.

“Wace ƙasa ce ke bugawa?”

Ya waiwaya, ya kusa faɗowa daga benci. “Mma! Me ya kawo ki nan?”

“Tambayarka na yi.”

“Ba ƙasa ba ce, Mma. Ni ne nake bugawa.”

Ya ɗaga wani abu a hannunsa, manet suke ce masa. Ya danna, mutumin cikin tele ya ruga. Ya sake dannawa, mutumin ya narka ƙwallo a raga. Wallahi sai da na yi salati da ƙarfi. Samarin suka fashe da dariya, wani ya tashi ya ba ni wuri. Na zauna har aka kira la'asar. Ban kalli tele sosai ba, fuskar ɗana nake kallo. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun ubansa na da rai.

A hanyar gida na ce masa zan buɗe masa irin wannan a zaurenmu na unguwar Komah, shi zai riƙe. Sai da muka wuce masallaci sannan ya ce in da gaske nake zai gwada. Sai da na nemi izinin Alfa Seidu, yayan ubanku, don shi ne babba a gidan. Ya daɗe yana jan carbi.

“A zauren ɗan'uwana, Asibi? Wasan yara?”

“Alfa, ko wasan yara a zaure, ko yaron a cikin rairayi. Zaɓa min.”

“To. Amma da an kira salla a kashe.”

Ni kaɗai na tafi sayayya, kuma da gangan. A lokacin kayan wuta sun fi araha a Dapaong, kusa da iyaka. Na san idan na ba Razak kuɗi na sa shi motar arewa, ba a Dapaong zai sauka ba. Da zan tafi ya biyo ni har tasha yana maimaita magana ɗaya.

“Mma, ki sayi mai ƙarfi. Kada ki manta. Mai ƙarfi.”

“Na ji. Ni ka taɓa gani na sayi ruɓaɓɓen kaya?”

Mai shagon sunansa Iliya, ɗan Maraɗi, dogo, mai yawan barkwanci. Ya fito min da iri biyu. Ɗaya babba ne baƙi, da nauyi kamar dutsen niƙa. Ɗaya ƙarami ne, bai fi faranti ba, yana da ɗan gilashinsa a jiki, ana iya haɗa shi da tele, ana iya zare shi a riƙe a hannu. Na ce masa mai ƙarfi nake so. Wanda zai jure hannun samari, ya jure zafi, ya jure wutar Sokodé da ke zuwa ta tafi ba sallama.

“In wannan ne, Hajiya, ga ɗan ƙaramin nan. Babban ɗan gata ne. Yana son iska, yana son wuta tsayayya, in aka ɗauke masa ita yana tsakar aiki sai ya yi fushi. Wannan kuwa da batirinsa a ciki.”

Ya sake shi a kan tabarma, ya ɗauka, ya kunna, ya tashi lafiya lau. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar yadda nake gwada kwanon sha. Abin da zan biya na babba guda ya isa na ɗauki ƙanana uku. Na ɗauki uku. Ku ji da kyau: abin da na tambaya shi Iliya ya ba ni. A dawowa, wajen gangaren Defale, kwali ɗaya ya zame daga kan buhunan wake ya faɗi ƙasa. Na buɗe, ko ƙwarzane babu. Na ce madalla, na yi ciniki.

Razak ya buɗe kwalayen a tsakar gida. Na ga fuskarsa ta sauka. Ya ce, “Allah ya saka, Mma.” Ya shafe zaure da farin fenti, ya kafa bencuna, ya jawo wuta. Kuma farkon abin, kai! Komah ta ɗauka. Akwai wani tseren ƙananan motoci da mutum huɗu ke yi lokaci guda, ana jifan juna da ɓawon ayaba. Zaure ya cika har ƙofa, takalma a waje kamar ranar Juma'a. Mai kunun gyaɗa ta dawo da tukunyarta gabanmu. Da an kira salla Razak ya kashe, ya kora su masallaci kamar awaki, har Alfa Seidu ya ce sahun la'asar bai taɓa tsawo haka ba. Jakar nan ta ƙarƙashin gado na daina ganinta. Ina ta godiya ga Allah.

Sai sabuwar ƙwallo ta fito. Ashe kowace shekara ake sabunta ta, kuma ita ce ke riƙe shagon wasa, sauran duk ƙari ne. Shagon Kpangalam ya samu tun makon farko. Mu muka yi ta jira. Da tamu ta iso, Razak ya sa, ya kalla, ya ajiye manet. Ta bara ce aka canza wa 'yan wasa riguna. Gudu iri ɗaya, faɗuwa iri ɗaya, 'yan kallo kamar an yanka su a kwali. Akwai kuma wasu manyan wasanni biyu da samari ke ta zance, na dambe da na yaƙi, waɗannan ko inuwarsu ba ta zo wa injinmu ba. Takalman ƙofa suka fara raguwa. Mai kunu ta ɗauke tukunyarta. Wata rana na tare wani saurayi Bakotokole, ɗan ƙabilar garin, da yake wuce mu zai tafi Kpangalam. Hausarsu ba ta raba mace da namiji.

“Kai, me muka yi maka?”

“Mma, ba komai. Injinka ne ba shi da ƙarfi.”

“Ba shi da me? Injin da ya faɗo daga kan kamiyo a Defale bai fashe ba? Je ka ɗauko naku na Kpangalam mu sake su tare daga kan katanga, mu ga wanda zai tashi!”

Duk wanda ke wurin ya riƙe ciki. Razak ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ja ni cikin gida.

“Mma, ba ƙarfin jiki nake nufi ba. Ƙarfin ciki. Ƙwaƙwalwarsa. Yawan abin da zai iya zanawa a tele lokaci guda.”

“Me ya hana ka faɗa haka a tasha?”

“Na zaci ƙarfi ɗaya ne.”

“Ni ma haka na zata.”

Daga nan ya sunkuyar da kai ya gaya min cewa Isifu ya samo musu wuri a motar Agadez, bayan babbar Salla. Ya ce ya gwada, Allah bai yi ba. Na ce bai gama gwadawa ba. Za mu koma Dapaong, ni da shi, in sa Iliya ya gaya wa masu injin su aiko mana cikakkiyar ƙwallo, tunda ba rabin kuɗi na biya ba. Na san abin da nake yi, kai shi arewa da hannuna. Shi ya sa na karɓi katinsa na ɗan ƙasa na ƙulle a bakin zanena, kuma a mota ni na zauna ta gefen ƙofa.

Ranar kasuwa muka isa. Iliya ya ga kwalayen, ya ga fuskata, ya sa aka kawo ruwa.

“Hajiya, lafiya? Sun mutu ne?”

“Da sun mutu da na fi ganewa. Kira masu injin nan. Ƙwallon bara suka aiko min.”

“Ai ba su ke yin ƙwallon ba.”

“Kamar yaya?”

“Masu ƙera inji daban, masu ƙera wasa daban. Tseren motocin nan na masu injin ne da kansu, shi ya sa ya zauna masa daidai. Amma ƙwallo da dambe da yaƙi, wasu mutane ne can ke yin su, su ɗora a kan injin da suka ga dama. Manyan injuna biyu ne a duniya, ƙarfinsu kusan ɗaya, to aiki ɗaya za a yi a ɗora wa duka biyun. Naki kuwa sai an zauna an rage ciyawa, an rage mutane, an rage haske, an sake ɗinka komai. Aiki ne sabo, da ma'aikata sababbi. Wasu su ce ba za su iya ba. Wasu su ba ki na bara.”

 Sai na ji abin ya faɗo min gaba ɗaya, har na bugi cinyata. Akwai wani Bawa a tashar Dapaong mai ƙaramar mota, bashe muke ce mata, mai rumfar tamfol a baya. Motar ba ta taɓa kwana a hanya ba. Shekara da shekaru yana roƙona lodi, ina hana shi. Ba don na ƙi shi ba. Wakena an ɗinke shi ne a manyan buhuna don kamiyo. In zan ba Bawa sai na farke, na raba, na sake ɗinki, na sake biyan 'yan dako, kuma a hawan Defale sai an sauke rabi. Ranar da na tausaya masa, ragowar albasar da ta kwana nake ba shi.

“Iliya, tsaya. Kana nufin mai mota daban, mai kaya daban?”

“Haka ne.”

“Injina bashe ne?”

“Bashe mai lafiya, Hajiya.”

“To ashe ni ce mai ƙwallon! Abin da nake yi wa Bawa shi aka yi min!”

Na yi dariya har hawaye. Haushin da na taho da shi daga Sokodé ya tafi, don ba za ka yi fushi da mutum a kan abin da kai ma kake yi ba. Amma Bawa bai mutu da yunwa ba, yana da mata da 'ya'ya da gidan kwano. Na tambayi Iliya, su wa ke ba ƙaramin inji lodi? Ya ce ƙananan masu ƙera wasa, mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, waɗanda ba su da halin zana zufa a fuskar ɗan ƙwallo. Wasanninsu marasa nauyi ne, suna da araha, kuma suna da yawa kamar tumatir a kaka. Ya ce har manyan ma, in suka ga ƙaramin inji ya shiga gidaje da yawa, suna dawowa su ɗaure kayansu ƙanana-ƙanana don kada kasuwa ta wuce su. Sannan ya ce in ina so zai karɓi ukun ya ba ni babba guda na hannu. Na juya in tambayi Razak, sai na ga ba ya nan.

 Na taɓa bakin zane, katin na nan. Na fita da gudu ba takalmi. Sai na ga taro a gindin bishiyar da ke gaban shago, na ji ihu. Na kutsa. Razak ne a zaune a kan tushen bishiya. Zancenmu ya ishe shi, ya zare inji ɗaya ya fito yana latsawa. Wasu samarin ƙabilar Moba da suka kawo zabi daga ƙauye suka tsaya kallo, ya miƙa wa biyu manet. Ƙwallon baran ce fa, wadda Komah ta raina. Ɗaya ya ci, ya yi tsalle ya saki zabinsa, zabi suka watse cikin kasuwa, bai ko waiwaya ba. Mutane na turereniya, kowa na cewa shi ne na gaba. Razak yana tsaye yanzu, yana raba layi, muryarsa har ta dushe. Ya hango ni.

“Mma! Ba su taɓa riƙe manet ba! Garinsu ba wuta!”

“Na gani.”

“Babu wanda ya san ta bara ce! Mma, babban inji ba zai je can ba, ko an kai shi ba wutar da zai ci!”

“Me kake so a yi?”

“Babur. Da batirin mota, da ƙaramar tele. In bi kasuwannin ƙauye.”

Na koma na ce wa Iliya ya riƙe babbansa, ya zuba mana wasannin ƙananan mutanen nan. Abin da ya rage shi ne babur, kuma ba ni da inda zan samo shi sai cikin jarin wake. Na cire. Wannan ne abin da ba ku sani ba. Ba ciwon gwiwa ne ya sa na daina zuwa Dapaong ba, kamar yadda na gaya muku a lokacin. Jarin ne ya koma babur. Wurina a tasha wata ta gaje shi kafin wata ya ƙare, manoman da suka saba ajiye min wake suka koma wurinta. Na dawo awo da kwano a ƙofar gida, ni da nake cika kamiyo. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Fitar farko tare muka yi, wani ƙauye a kan hanyar Tchamba. Ina bayan babur rungume da tele kamar jinjiri. Muka kafa a gindin mangwaro. Kafin Razak ya gama haɗa waya an kewaye mu. Wani tsoho mai sayar da doya ya karɓi tseren mota, in motar za ta yi kwana shi ma sai ya kwanta da jikinsa, har ya faɗo daga benci ƙafafu sama, manet na hannunsa, yana ihu kada a taɓa masa mota. Amma wanda ya tashi kasuwar shi ne wani ɗan wasan girki, na waɗancan masu ɗaki ɗaya. Mutum huɗu a kicin guda, wannan na yanka, wannan na wanke kwano, tukunya na ƙonewa. Mata masu tuwo suka bar tukwanensu na gaske suka zo.

“Ke, albasa! Kawo albasa!”

“Ina zan bi? Kin tare hanya da kwanonki!”

“Wuta! Miya ta kama wuta! Wa ya aurar da ke ba ki iya girki ba?”

Ni ma na karɓa. Na ƙona kicin sau biyu, wata yarinya ta ƙwace manet ta ce Hajiya ki je ki huta. Tun rasuwar ubanku ban yi dariya irin ta ranar ba. Muka dawo da yamma da doya da kaza a ɗaure a bayan babur, don wasu da abin da suke da shi suka biya. Daga nan Razak ya haddace ranakun kasuwa, yau gabas, gobe kudu, har ƙauyukan bayan Langabou inda turakun wuta ba su kai ba. Samarin Komah ba su dawo zaure ba, ƙwallonsu na Kpangalam, kuma ban ga laifinsu ba.

Duk da haka ban saki jiki ba, don bai taɓa ce min ya fasa tafiya ba, ni kuma ban tambaya ba. Katinsa ma na mayar masa, tunda jandarma na tare shi a hanya. Salla ta zo ta wuce. Da safe ina shara a ƙofar gida sai ga Isifu da jaka a baya da sabon takalmi. Ya gaishe ni bai kalli idona ba. Razak na tsugune yana ɗora batir a kan babur.

“Razak, mota na cika. Direba ya ce ba zai jira kowa ba.”

Razak bai ɗago ba. Ni kuma na tsaya da tsintsiya a hannu, na kasa gaba na kasa baya.

“Yau kasuwar bayan Langabou,” in ji Razak. “Na sa musu gasa. Ƙauye biyu za su kara, har sarkinsu ya ce zai zo kallo.”

“Wasan yara zai hana ka arziki?”

“Na yi musu alkawari, Isifu. Allah ya kiyaye hanya. In ka isa ka kira.”

Isifu ya daɗe a tsaye. Sannan ya gyara jakarsa ya nufi tasha. Na bi shi da kallo har ya sha kwanar masallaci, ina yi wa uwarsa addu'a a zuciyata.

“Mma, miƙo min igiyar can.”

Ban miƙa masa ba. Na ajiye tsintsiya, na ture hannunsa, na ɗaure telen da kaina. Na sake ƙullin, na ja shi da kyau. Ya tayar da babur, na ce masa ya sayo min gawayi a hanyar dawowa, na can ya fi na gari kyau.